"Da digirinka kake tufka?"

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi ya dawo daga baya.

Ranar Asabar da ta wuce ina zaune a barandar hostel ɗinmu na 'yan digiri na biyu, na maƙala zoben makulli a ƙusar taga ina saƙa igiyar rataya katin makaranta, wadda ake ce wa lanyad, sai wani ƙaninmu ɗan aji uku ya zo aron caja. Ya tsaya ya kalle ni, ya kalli igiyar, ya ce, "Haba Yaya, da digirinka kake tufka? Wallahi idan yaran nan suka gan ka cewa za su yi aboki ya koma sana'arsa." Ya yi dariya, ni ma na yi. Amma bayan ya tafi maganar ta ƙi fita daga raina. Mutane da yawa sun tsokane ni a kan igiyar nan, shi ne dai na farko da ya fito fili ya faɗi abin da ke cin sauran a ciki. Shi ya sa na ce bari in rubuta amsata a inda kowa zai gani.

Ga yadda abin ya samo asali. A zangon farko na sayi igiyar kati irin ta bakin get, mai faɗi kamar ribbon ɗin 'yan makaranta, mai ƙugiyar ƙarfe a ƙasa. Saura sati biyu jarrabawa na sauka daga keke napep na duba ƙirjina, igiya na nan a wuya, kati da ƙugiya sun yi nasu waje. Wanda ya taɓa ɓatar da katin makaranta ya san sauran labarin: takardar rantsuwa a kotu, rahoton 'yan sanda, biyan kuɗin sabon kati, sai layi, sai "dawo gobe". Kwana uku cur na karatu suka tafi. Ban ga laifin kowa ba, ƙa'ida ce. Amma da na duba igiyar da kyau sai na ga ba ita ce ta tsinke ba, wani ɗan siririn gwangwani ne da aka matse bakinta da shi ya buɗe. Wato duk wahalar nan a kan abin da bai kai faɗin farce ba. A ranar na ce ni zan yi tawa.

Na fara da igiyar tayar da janareto, don ita na samu a shagon masu kayan gyara. Nailan ce, tana da ƙarfi, kaurinta daidai, matsalarta kawai ba ta da kyan gani. Daga baya na gano masu sayar da kayan ɗinki da kayan jaka suna da igiyoyi kala-kala, ana sayarwa yadi-yadi. Wadda masu wannan saƙa suka fi so ita ce farakod, igiyar da aka fara yi don laimar da sojojin Amurka ke dirowa da ita daga jirgi a Yaƙin Duniya na Biyu. Ta asali ana ce mata 550 saboda tana ɗaukar nauyin fam 550 kafin ta tsinke, kusan kilo 250 ke nan. Kaurinta kamar milimita 4, idan ka yanka ta za ka ga ƙananan zare guda 7 a ciki. A 1997 'yan sama jannati sun yi amfani da ita wajen gyaran rufin na'urar hangen nesa ta Hubble. Yawancin wadda za ka samu a kasuwa kwaikwayo ce, amma kar wannan ya dame ka, kati da makullin ɗaki za ta ɗauka, ba buhun masara ba.

Wanda yake son gwadawa, ga abin da nake yi. Igiya mita 3, zoben makulli ɗaya ko ƙugiya mai kyau, almakashi, da laita. Idan nailan ce ka jiƙa ta a ruwan ɗumi ka shanya tukuna, don tana ɗan tsukewa idan ta sha ruwa, gara ta tsuke kafin ka auna. Ka ninka ta biyu daidai. Wurin ninkin shi zai zauna a ƙeyarka. Daga nan ka auno santimita 45, ka haɗa silin biyu ka yi musu ƙulli ɗaya, ka ga ka sami zagayen wuya na santimita 90, wanda zai sauko da kati tsakiyar ƙirji. Ka ƙara auno kamar santimita 12 ƙasa da ƙullin, ka zura silin biyu a cikin zoben, ka juyo da su. Yanzu kana da sili huɗu: biyu a tsakiya waɗanda ba sa motsi, ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Ka maƙala zoben a ƙusa ko a hannun durowa don abin ya tsaya maka.

Saƙar kanta ba ta wuce motsi biyu ba. Ka ɗauki na hagu ka gitta shi a kan na tsakiya, ka bar ɗan kunne a gefen hagu. Ka ɗauki na dama ka ɗora shi a kan wutsiyar na hagun, ka bi da shi ta ƙarƙashin na tsakiya, ka fito da shi ta cikin kunnen nan, ka ja duka biyun. Sai ka sake yin haka amma ka fara daga dama. Hagu, dama, hagu, dama, har ka iso ƙullin farko. Turawa suna kiran wannan saƙa kobra, wato gamsheƙa, saboda yadda take faɗi. Idan ka manta gefen da za ka fara, riƙe wannan: silin da ya bi ta sama ɗazu, shi zai sake bi ta sama. Idan kuwa ka yi ta farawa daga gefe ɗaya, saƙar za ta riƙa murɗewa kamar igiyar rijiya. Ta farko da na yi haka ta fito, na ɗauka na ɓata, ashe ita ma salo ce mai zaman kanta, har akwai waɗanda suka fi son ta. A ƙiyasi kowane santimita ɗaya na saƙa yana cin kusan santimita 12 na igiya, shi ya sa ba na saƙe zagayen wuyan duka: zai ci fiye da mita 10, ga nauyi, ga zafi a wannan gumin na Kudu. Idan ka gama ka yanke ragowar, ka bar ɗan kaɗan, ka kanga masa laita ya narke, ka danne shi da gefen almakashi. Da almakashi na ce, ba da yatsa ba. Narkakken nailan yana manne wa fata, har yanzu ina da tabon a babban yatsana. Igiyar auduga kuwa ba ta narkewa, ƙonewa take yi, ita sai dai a ɗinke bakinta.

Ta farko ta ci mini fiye da awa ɗaya. Yanzu minti 20 ya ishe ni.

Duk wannan a bidiyo na koya. Abin da ya fi muhimmanci kuwa a bakin get na koye shi, wajen wani dattijo mai gyaran takalmi, mutumin wajen Sakkwato, wanda ya ce gidansu dukawa ne kaka da kakanni. Na kai masa sandal ɗina, ina jira ina wasa da igiyar a wuyana, sai ya ce, "Ɗana, miƙo in gani." Ya juya ta, ya ja, ya ce hannuna bai daidaita ba, wani wuri na ja kamar mai ɗaure akuya wani wuri kamar mai jin barci. Gaskiya ya faɗa. Sai ya sa yatsa a zagayen wuyan ya finciko da ƙarfi, ya ce, "To idan wannan ta maƙale a ƙofar mota, wa zai tsinke, ita ko wuyanka?"

Shiru na yi. Ni duk alfaharina shi ne na yi igiyar da ba ta tsinkewa, ban taɓa tunanin cewa zarge na rataya wa kaina ba. Ku tuna yadda muke shiga danfo, yadda muke hawa acaba, ga masu aiki da injina a dakin gwaji da wokshop. Baba ya yanke ta daidai ƙeya, ya ƙona bakunan biyu, ya haɗa su da ɗinki uku kacal na zaren tela, ya rufe wurin da ɗan guntun fata don kada ya ci wuya. Ya ce ja. Na ja a hankali, tana nan. Na fizga, ta rabu. Daga baya na lura igiyoyin kamfani masu kyau suna da wani ɗan maɓallin roba a ƙeya da ke ɓallewa idan an fizga, don wannan dalilin aka sa shi. Idan ka sami irin maɓallin ka sa, idan ba ka samu ba ka yi dabarar Baba. Don Allah duk wanda zai yi wa ƙaramin yaro ko ya sayar wa wani, kada ya tsallake wannan. Na ce, "Baba, nawa zan bayar?" Ya ce in biya kuɗin sandal kawai, sauran ai hira ce.

Yanzu mu dawo kan maganar ƙanina.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. A garuruwan nan Bahaushen da akasarin mutane suka sani shi ne mai gyaran takalmi, mai shayi, mai ruwa, mai gadi, mai tsire, mai yankan farce, ɗan acaba. Kalmar "aboki" da muka ba su da kyakkyawar ma'ana, a bakin wasu ta koma tana nufin wanda bai waye ba. Duk wanda ya yi zango ɗaya a nan ya ɗanɗana. Ni an taɓa ce mini wai ban yi kama da Bahaushe ba, kuma mai maganar a zatonsa yabona ya yi. Abin da ciwo, ban musa ba. Amma ku dubi maganin da muka nemo wa kanmu: mun nesanta kanmu da duk abin da ya yi kama da aikin hannu, don kada a haɗa mu da "su". Na san masu juya harshe zuwa Turanci idan mai gyaran takalmi ya gaishe su da Hausa a gaban 'yan ajinsu. Ba sai na yi nisa ba, ni ma na taɓa yi, kuma wannan Baban na yi wa, a satina na farko. Bai manta ba, ya dai yi mini kawaici.

To wa muka cuta? Wanda yake raina Bahaushe ba zai fasa ba don ya ga hannunka a aljihu. Abin da muka yi kawai shi ne mun yarda da shi cewa sana'ar iyayenmu abin kunya ce, muna roƙon ya cire mu daga lissafi. Alhali ku dubi 'yan ajinmu na nan. Wanda ke gaba da kowa a ajinmu aski yake yi a ɗakinsa da yamma. Wata tana soya cincin tana kawowa lakca a roba. Wani yana gyaran waya, wata tana ɗinki, wata tana kitso. Ban taɓa jin an tambayi ɗayansu "da digirinka?" ba, kuma ko an tambaya lambar akawun zai miƙo maka. 'Yan uwanmu mata ma sun fi mu wayo a nan, su da lalle, turaren wuta, yaji da dambun nama har 'yan Kudu suna layi. Mu mazan ne muka fi kowa zaman jiran alat daga gida, muna guga muna fesa turare, aljihu fayau. Girman kai rawanin tsiya, mu muka yi karin maganar, mu kuma muka fi naɗa shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, igiya ba baƙuwarmu ba ce. Wanda ya tashi a ƙauye ya ga tsofaffi a gindin bishiya suna tufkar rama da kaba, ya ga igiyar guga, dabaibayi, ragayar da ake rataya ƙwarya, ya ga hamilar da mahaya ke rataya takobi da ita ranar hawan salla. Ku shiga layin dukawa a kasuwar Kurmi ku ga yadda ake kitsa fata siri-siri a yi maratayin jaka. Fatar jan akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasarmu ta ratsa Sahara ta isa Turai, a can aka san ta da sunan fatar Maroko. Kakanninmu suka yi aikin, wasu suka ci sunan. Yau jikokinsu muna jin kunyar riƙe igiya a baranda.

Na san abin da wasu za su ce a ƙasa, bari in riga ku.

Za a ce ba kuɗi a ciki. Haka ne, kuma ba zan yi muku ƙaryar masu lakcar zaburarwa ba, waɗanda ke cewa sun fara da naira ɗari yau suna da gidan mai. Igiyar kamfani ta fi arha nesa ba kusa ba, sashe ko ƙungiya idan za su yi taro bugaggiya mai tambari za su yi oda, ba za su zo wajenka ba. Na yi kamar guda 40 zuwa yanzu, kusan rabi kyauta na bayar, sauran sun sayo mini data da kuɗin firintin na babi ɗaya. Wanda ya saya, ya saya ne don yana son kalar da ya zaɓa, ko don filas ɗin da tesis ɗinsa ke ciki ya taɓa ɓata ya ji a jikinsa. Igiya ba za ta biya maka kuɗin makaranta ba. Amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da kuɗin motar zuwa gida ya koma, kuma ɗalibin da ke raina ƙaramin kuɗi a wannan zamanin ko dai babansa na da hali ko bai fara jin yunwa ba tukuna.

Za a ce lokaci. Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, don ni ma sufabaiza na jiran babi na uku, kuma wanda ya bar karatu ya koma saƙa dare da rana ya yi wauta, ba abin da ya kawo mu ke nan ba. Sai dai ina da tambaya. A 2024 watanni nawa muka yi muna danna fuskar waya, wai maining, har da masu tashi cikin dare don kada kati ya wuce su? Da ranar rabo ta zo me akasarinmu muka samu ban da abin da muka riƙa kira ƙura? Ban ji wanda ya ce wa ɗan uwansa "da digirinka kake danna waya?" ba. Yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wasu sun dawo da sana'a a hannu, da yawanmu mun dawo da ƙiba da sanin sakamakon ƙwallo. Yatsun nan dai su ne, lokacin ma muna da shi idan abin bai taɓa mana girma ba.

Za a ce me ya sa ba za ka koyi aikin kwamfuta ba, shi ne na zamani. Ka koya, ni ma ina koyo. Amma shi yana son laftof, yana son data, yana son wuta. Igiya kuwa daidai lokacin da aka ɗauke wuta, laftof ta mutu, zafi ya hana barci, lokacin nake ɗauko ta. Ba kishiyoyi ba ne.

Akwai kuma wani amfani da ban zata ba, wanda 'yan digiri na biyu za su fi ganewa. Aikin tesis ba ya ƙarewa a idonka. Ka yi wata biyu a kan babi ɗaya, a dawo maka da shi ja-wur da biro, ka gyara, a ce ka mayar da shi yadda yake da. Tufka da warwara ta gaske. Akwai satin da nake kwanciya ban iya nuna abu ɗaya da na gama ba, kuma irin wannan yana taɓa ƙwaƙwalwa fiye da yadda muke yarda. A irin wannan daren in zauna minti 20, in fara abu in gama shi, in riƙe shi a hannu, idan akwai kuskure in gan shi nan take in kwance ƙulli biyu in gyara ba tare da jiran sa hannun kowa ba, wallahi yana sauke mini wani nauyi. Abokin ɗakina Bayerabe ne, da farko dariya yake yi mini, yanzu shi ke cinye mini baƙar igiya. Kuma ta dalilin abin nan na yi hira da mutanen da shekara guda muna haɗuwa a matakala ba mu taɓa wuce gaisuwa ba.

Ban ce kowa sai ya saƙa igiya ba. Wani hula zai iya wankewa, wani ɗinkin takalmi, wani haɗa littafi, wani gyaran fanka. Kwas ɗin koyon sana'a da aka tilasta mana a digirin farko, yawancinmu mun haddace ne mun zuba a takarda mun wuce, wasu ma sabulun da aka ce a haɗa a kasuwa suka sayo suka kai. Na zaɓi igiya ne don ita ce mafi sauƙin shiga: kayan ba su kai kuɗin abincin rana biyu ba, ba ta son shago, ba ta son wuta, kuma a zama ɗaya za ka ga sakamako. Idan ka iya zama a baranda kana saƙa mutane na wucewa ba ka ɓoye hannu ba, sauran sana'o'in ba za su yi maka nauyi ba. Kuma don Allah, idan ka zo wucewa ta bakin get dattijon nan ko waninsa ya gaishe ka da Hausa, ka amsa da Hausa, ko da wa kake tare.

Asabar mai zuwa bayan la'asar ina barandar nan in Allah ya kai mu. Mai so ya zo da igiya mita 3 da zoben makulli, almakashi da laita ina da su. 'Yan uwa mata, wata 'yar ajinmu ta iya yanzu har ta fi ni daidaita ja, ta ce za ta nuna muku a naku hostel ɗin. Shi kuwa ƙanin nawa mai tambaya, jiya ya turo saƙo wai in yi masa kore da fari, mai ɗan tsawo, don makullin ɗaki da filas. Na ce ya zo ya saƙa da kansa. Ya ce to, amma a cikin ɗaki.